Jirgin Tafiya Ɗaya

High Wycombe, Maris 1943

Zuwa ga Yaya Percy,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da Mabel da yara, Allah ya sa sanyin Kanada bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan lafiya lau, sai dai sukarin rabo da ba ya kai mu ƙarshen mako. Ta hannun ɗan maƙwabciyarmu mai aikin jirgin ruwa na aiko wannan, don in ta bi gidan waya almakashin gwamnati ba zai bar maka komai ba sai gaisuwa.

Yaya, raina a ɓace yake. Ka san mijina Horace, tun tasowarsa kujera yake yi, irin wadda jika zai gada. To yanzu masana'antarsu ta bar kujeru, sojoji sun sa su ƙera ƙaton jirgin sama na katako marar inji, wanda wani jirgin ke ja da igiya ya sake shi a bayan abokan gaba. Kullum zane canzawa yake: jiya sojoji zai ɗauka, yau mota, gobe wai har igwa, amma kada nauyinsa ya ƙaru. Ban damu ba sai da ɗanmu Clifford ya je ya ba da sunansa cikin masu tuƙa jiragen, ko shawara babu.

Tun daga nan Horace ya shiga ƙara katako a ɓoye ƙarƙashin mazaunin matuƙi na kowane jirgi, don bai san wanne zai faɗo kan ɗansa ba. Mai duba aiki ya auna, ya gano, ya sa shi ya ɓamɓare da hannunsa a gaban mutanen da shi ya koya wa riƙe zarto, ya ce in ya sake kora ce. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Clifford ya zo hutu ran Lahadi, muka zauna cin abinci, na ɗauka zai gode wa uban. Ina, dariya ya yi, wai tsoho ya daina yi wa jirgi aikin bencin coci, nauyi ne ke tsinke igiya. Horace ya ce katakon nan ɗan yatsa ma zai huda shi, ba zai kai shekara ba. Sai yaron ya ce, "Haba Baba, wa ke zancen shekara? Don tafiya ɗaya aka yi shi, da ya sauka an gama da shi."

Na ce to na cikinsa fa, da me zai dawo? Sai ya ce in miƙo masa dankali.

Don Allah ka rubuto masa, maganarka kaɗai yake ji. Na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Uban kuwa ya koma aiki, yana yanka katakon siriri yadda aka ce, kuma abin haushin, ya fi kowa iyawa.

Ka gaishe min da Mabel da Stanley da 'yar auta Joyce. Horace ma yana gaisuwa. Kada ka jira bikin Ista, an ce kafin nan za a tafi da su Clifford.

Ƙanwarka,
Doris