Baba Ya Ce In Ƙona Su Kafin Arba'in

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, don girman Allah ka cire sunana da lambata kafin ka saka. Na fi shekara biyu ina karanta matsalolin mutane a nan, ko kwamen ban taɓa ajiyewa ba, yau ga shi layi ya zo kaina. Shawara na zo nema, don Allah ku ba ni, amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, domin na san halin wasunku, layi uku za su karanta su hau wa'azi.

Ni mace ce, shekarata talatin da huɗu, ina aure a nan Haɗeja da 'ya'ya biyu. Mahaifina ya rasu yau kwana talatin da biyar, kuma tun ranar har yanzu ban yi kuka ba. Ba ƙarfin hali ba ne. Ina girki, ina shirya yara makaranta, a ce min ya haƙuri in ce da godiya, amma cikina kamar inda aka yi wa allurar cire haƙori, ina taɓawa ba na jin komai. Har na ji wata maƙwabciya a gidan makoki tana cewa zuciyar 'yar Malam ta dutse ce, ban ko ji haushi ba.

Baba malamin zane ne a sakandare har ya yi ritaya. Mamana 'yar wajen Guri ce, danginsu asalinsu daga Barno, ta rasu ina shekara uku, ni kaɗai ta bari. Ban san fuskarta ba. Hoto ɗaya aka ce tana da shi a duniya, na aurensu, yana rataye a ɗakin Baba. Ina shekara biyar ruwa ya shigo unguwarmu, ɗakin ƙasa ne ya zauna, hoton ya tafi da sauran kaya. Duk wanda na tambaya kamanninta sai ya ce doguwa ce, baƙa, mai tsagen Barebari, kamar an ce maka mota ce mai taya huɗu.

To akwai wasu littattafai guda uku da Baba yake da su, manya masu kauri, kowanne sai ka sa hannu biyu. Wani malami baƙo da suka koyar tare ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Duka ukun a kan zanen mutum ɗaya suke, wani Bature na zamanin da, wanda Baba ya ce ko a cikin Turawa ba kowa ya san shi ba, wai ya zo a makare, lokacin da mutanensu suka daina yayin irin zanensa. Ba abin da yake zanawa sai mata, a zaune ko a kishingiɗe kan dakalin farin dutse, bayansu teku, ga furanni, jikinsu wani yadi shara-shara da ba ya rufe komai. Ba mai ƙurji, ba mai tsufa, ba mai gumi. Baba yakan yi dariya ya ce bawan Allahn nan bai taɓa ganin mace tana aiki ba. Da ruwa ya ci gidanmu littattafan suna makaranta, shi ya sa suka tsira.

Sau ɗaya na taɓa buɗe su, ina wajen shekara goma. Na hau kujera na sauko da akwatin ƙarfen da yake ajiye su, na buɗe na ukun, na ga abin da na gani, sai ga Baba a kaina. Na ɗauka yau zan sha dukan da ban taɓa sha ba. Sai ya rufe littafin a hankali ya ce, "Uwata, ba a shiga wa mutane ba su shirya ba. Waɗannan ban gama yi musu sutura ba." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Daga ranar na gane abin da yake yi da rana tsaka idan ya rufe ɗaki da burushi da fenti, wato tufa yake zana wa matan don littafin ya zaunu a gidan Musulmi. Na sa a raina wannan ma ɗaya ce daga cikin rigingimun Baba, ban ƙara bi ta kai ba.

Sai in gaya muku wani abu da nake jin nauyin faɗa. Tun da na yi aure, duk Juma'a bayan an sauko masallaci Baba sai ya zo gidana. Ba ya zuwa da labari. Zai zauna a tabarma, in kawo shayi, ya ce in zauna nan wajen ƙofa inda haske yake, sai ya yi ta kallona. Wani lokacin ya ce, ɗan juya haka. Ni kuwa ga tukunya a wuta, ga wanki. Na sha yi wa maigidana ƙorafi cewa Baba ya tsufa, zuwa yake ya zuba min ido kamar mai neman aibi. Akwai Juma'o'in da da gangan nake tsirar unguwa don kada ya same ni.

A shekarun baya-bayan nan ya canza. Ya riƙa zama wajen karatu, ya ji abin da ake faɗa a kan masu zana abu mai rai, ya daina karɓar aikin allon shago idan da mutum a jiki, sai rubutu da itatuwa da kogi. Kwana biyu kafin ya cika, a asibiti bayan la'asar, muna mu biyu, ya kama hannuna ya ce, "Uwata, akwatin nan na kan sif. Idan na tafi ki ƙona abin da ke ciki kafin a yi arba'in. Ke na ba wa, kada ki ba kowa." Na ce to Baba. Bai ce kada in buɗe ba, wannan na riƙe shi sosai, ko da yake na san ina yi wa kaina wayo ne.

Bayan sadakar bakwai na ɗauko akwatin na kawo gida. Ba wanda ya tanka, a cikin dangi ba mai son tsofaffin littattafan Turanci. Na sa kalanzir da ashana a bayan gida, na ce bari in duba ko ya manta wata takarda a ciki. Da na buɗe na farko sai na zauna a ƙasa. Ba sutura kaɗai ya yi musu ba. Kowace mace ya naɗa mata laffaya har ka, ya sa mata lalle, ya mayar da fatar baƙa, ya ja tsage a kumatu. Wadda take zaune hannu sake ya ɗora mata faifai, wata ƙwarya, wata tana gyaran kifi. Tekun ma bai bar shi ba, ya sa kwalekwale da ciyawar kachala ta bakin ruwa da fararen tsuntsaye irin na fadamar Baturiya da ke nan yankinmu. Kuma duk fuska ɗaya ce, shafi bayan shafi, da wushirya, da ɗan tabo a kan girar hagu. A ƙasan kowane shafi ya yi ɗan rubutu da fensir, wani ya ce ranar da ta zo da kifi daga gida, wani ya ce tana fushi da ni. Na mayar da kalanzir kicin.

Washegari na hau mota zuwa Guri wajen Iya Gana, ƙanwar mamana, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ban yi mata bayani ba, na dai buɗe littafin farko na ajiye a cinyarta. Ta ɗora yatsa a kan tabon ta ce, "Ni na yi mata wannan, da murfin kwano, muna rigima a kan ɗankwali." Ta yi kuka har maƙwabta suka leƙo. Ni ina zaune ina kallon fuskar uwata karon farko a rayuwata, abin da kawai ya zo min a rai shi ne ashe tana da wuya dogo.

Da muka shiga littafi na biyu sai Iya Gana ta fara gyara zama. Ta ce nan hancin ba haka yake ba, nan kuma idon ya yi girma, mijin Yaya ya fara kuskure. Rubutun fensir ɗin ma ya canza, na karanta mata wani da ya ce yau bakinta ya ɓace min. A na uku ta buɗe shafi huɗu ko biyar, ta ɗago ta dube ni, ta koma ta dubi littafin, ta ce, "'Yar nan, wannan ai ke ce. Tsagen ne kawai nata." Na karɓa na duba, haka ne, har ɗan karkacewar haɓata. A nan na gane me yake zuwa nema gidana duk Juma'a, ni kuwa ina guduwa unguwa. Shafin ƙarshe da ya taɓa ya gama laffayar tsaf, ya gama hannu da lalle, wajen fuskar ya shafe da farin fenti bai zana komai ba. A ƙasa ya rubuta, na kasa.

Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa Iya Gana wasiyyar. Ta tashi ta rungume littafin farko ta ce sai dai in haɗa da ita in ƙona. Ta ce shi Baba mijin mamana ne na shekara biyar, ita kuwa ciki ɗaya suka fito, ba shi da ikon ya kashe mata 'yar uwa sau biyu. Na ce Iya amana ce, ta ce amanar banza, mai ciwo yana faɗin abin da bai sani ba. Da ƙyar na karɓo shi, sai da na yi rantsuwa ba zan yi komai ba sai na sanar da ita. Ta raka ni bakin titi ba ta yi min sallama ba, ta dai ce idan na ƙona kada in ƙara tako mata gida.

Maigidana kuma nasa daban. Mutumin kirki ne, amma komai a wajensa lissafin buhun riɗi ne, a auna a ɗaure a wuce wajen. Ya ce wasiyya wasiyya ce, bawan Allah ya ji tsoron kabarinsa ya roƙe ki abu ɗaya, kin ce to, me ya rage? Daga baya sai ya ce to ki ɗauki hoton shafukan da waya, ki tura wa Iya Gana, sannan ki ƙona, kowa ya samu. Na ce masa idan tsoron Baba shi ne zanensa ya wanzu bayansa, to hoton waya ai wanzuwa ce, har ma ta fi, yau yana wayata gobe yana wayar duk dangi. Ya ce na cika taurin kai, na ce na gada. Kwana biyu ke nan maganarmu ba ta wuce ga abinci, an gode.

Abin da ya tsaya min shi ne ban san dalilin Baba ba. Idan tsoron Allah ne ya sa ya ce in ƙona, to ni wace ce da zan bar mahaifina da nauyi don in riƙa kallon hoto? Wallahi ko shafi ɗaya ba na so ya zame masa abin tambaya. Amma wani lokacin sai in ce anya ba kunya ba ce, kada in ga ya manta fuskarta, kada in ga abin da ya yi da tawa? Idan wannan ce, ai ba abin kunya a ciki, ni ce ma ya kamata in nemi yafiyarsa. Kuma me ya sa ni ya ba wa, alhali yana da ashana a gidansa shekara da shekaru bai iya ba? Ko so yake in gani tukuna? Na juya maganar nan har ta daina yi min ma'ana, wanda zan tambaya kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Na yi tunanin in ƙona biyu in bar na farko. Na yi tunanin in yage shafi ɗaya tak in ba Iya Gana. Amma bai ce ki ƙona wasu ba, cewa ya yi abin da ke ciki, ni kuma na ce to, yana riƙe da hannuna.

Juma'ar da ta wuce, da aka sauko masallaci, na shimfiɗa tabarma na dafa shayi, na je na zauna wajen ƙofa inda haske yake. Sai da shayin ya huce na tuna ba mai zuwa. Na zauna a haka har la'asar, na ma ɗan juya yadda yake so. Ko a nan hawaye bai zo ba.

Saura kwana biyar arba'in. Akwatin yana ƙarƙashin gadona, ashana tana kan murfin. Malamai da ke cikin zauren nan, da waɗanda suka taɓa riƙe wasiyyar iyaye, da ku da kuka tashi ba ku san fuskar uwa ba, ku gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. In cika wa Baba alkawari, in rasa Iya Gana, in koma yadda nake da ban san kamannin wadda ta haife ni ba? Ko in riƙe uwata, in saɓa wa mutumin da ya shekara talatin yana ƙoƙarin kada ta ɓace masa? Idan kun ce in ƙona zan ƙona, sai dai ku faɗa min da wanne zan fara, wanda take ciki, ko wanda nake ciki.