Inna, Baba Ya Aika A Kira Wanzami

Zuwa ga mahaifiyata Hajiya Adiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, na ɗauki biro ne don na rasa wanda zan kai wa ƙarar mijinki.

An yi wa Baba aikin zuciya, yau wata biyu. Aiki biyu ne a yanka ɗaya. Ƙofar cikin zuciya da ta daina rufuwa suka cire, suka sa ta ƙarfe. Sannan suka zaro jijiya daga ƙafarsa, suka yi wa jini sabuwar hanya a madadin wadda ta toshe. Likita bai ɓoye mana ba, haɗa biyun ya fi hatsari, balle ga mai shekarunsa. Amma ya tashi, Inna. Yana takawa har masallaci, in ya yi shiru kuma sai a ji ƙirjinsa na bugawa kamar agogon hannu. Jikokinki har layi suke yi su saurara.

Sai dai ƙarfen da sharaɗinsa ya zo. Kullum zai sha ƙwayar da ke tsinka jini, muddin rai. Makon jiya asuwaki kawai ya yi, dasashinsa bai daina zubar da jini ba sai azahar. Ni na wanke tsumman.

To jiya ya ce jikinsa ya yi nauyi, wai mataccen jini ne, a kira masa Malam Issaka wanzami ya yi masa ƙaho ranar Asabar. Kin san su, shekara talatin yana tsaga masa baya. Na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Nima na roƙi Malam Issaka kada ya zo. Ya saurare ni tsaf, ya ce askarsa ba ta taɓa kashe kowa ba, kuma ba a ƙin kiran aboki. Yayyena maza kuwa, jarumai a bayan ido, kowa ya ce ni ce ’yar gaban goshi, ni zan yi magana.

Ina tuna ranar da ya dage zai tuƙa babbar mota zuwa Kumasi da zazzaɓi a jikinsa. Ba ki ɗaga murya ba. Kika zauna a bakin ƙofa da tiren wake kina tsinta, in zai fita sai dai ya tsallake ki. Bai fita ba. Kikan ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tsoro nake ji, Inna. Tun da kika haife ni ban taɓa ce masa a’a ba, kuma kin san fushinsa da wuyar sauka. In na hana, zai ce na raina shi a gaban abokinsa. In na yi shiru, aska za ta hau bayan mutumin da jininsa ba ya tsayawa.

Asabar jibi ce. Na riga na yanke shawara, a bakin ƙofar ɗakinsa zan zauna, in tare wa wanzami hanya. Gara ya shekara bai amsa gaisuwata ba, in dai yana cikin ɗakin yana ji.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya sanyaya zuciyar Baba, ni kuma Ya hana ƙafata tashi in ya daka min tsawa.

’Yarki mai kewarki,
Ramatu
Maamobi