Na Kai Sirrin Kamfanin 'Yata Kunnen Yayanta

Anti Suwaiba, don Allah ki agaje ni, bakina ya ja mini magana. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura hamsin na koyi boko a ajin mata na masallacinmu a Whalley Range, kuma wannan matsala ba wadda zan ba wani ya rubuta mini ba ce.

'Ya'yana biyu. Babban, sunan ɗan fari ba ya fita bakina, to bari in ce masa Usama tunda ba shi ne sunansa ba. Yana Erdington a Birmingham da matarsa. Ƙaramar, Ramlat, tana tare da mu a Old Trafford. Dukansu a nan ƙasar Turawa aka haife su, dukansu injiniyanci suka karanta a jami'a, kuma ikon Allah dukansu kamfanin ƙera kujerun jirgin sama suke wa aiki. Sai dai kamfanin kowa daban. Ni da na ɗauka kujera kujera ce. Ashe ana shekara uku ana faɗa a kan yadda za a rage mata nauyin da bai kai na kwanon shinkafa ba.

Bana wani babban kamfanin ƙera jirage ya ce yana neman wanda zai yi masa kujerun sabon jirginsa. Kamfanin Usama na nema, na Ramlat na nema. Tun daga nan gidana ya canza. In ya zo ranar Asabar, ita sai ta rufe kwamfutarta ta kai ɗaki ta kulle. In wayarsa ta yi ƙara, sai ya fita ya zauna a mota cikin ruwan sama. Yaran da suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya! A kan tebur babu hira sai ta ƙwallo, ita ma ba su jitu ba.

Na kasa haƙuri na ce su raba mana, shi ya ɗauki kujerun gaba na masu hali, ita ta ɗauki na baya, ko kuma shi babba ya bar wa ƙanwarsa kamar yadda aka saba. Suka yi ta dariya har Ramlat ta ƙware da zoɓo. Babansu ya ce in fita harkar, shi ko da yake tuƙin taksi bai taɓa raba fasinja da kowa ba.

To ga inda na yi ɓarna. Ranar Talata Ramlat tana aiki a gida, a teburin kicin, tana taro da abokan aikinta ta kwamfuta, ni kuma ina yankan kuɓewa. Turancina ba shi da ƙarfi amma lamba ina ji. Na ji suna cewa za su yi alkawarin kammala kujerun a wata goma sha biyu, ba sha takwas da aka saba ba, wai da wannan za su kayar da kowa. Na ga yarinya ta rame. Da la'asar Usama ya kira kamar kullum, ni kuwa al'adata duk abin da ke damun ɗaya sai na gaya wa ɗayan, don su riƙa yi wa juna addu'a. Na ce ya sa ƙanwarsa a addu'a, an ɗora musu aikin wata sha takwas a wata sha biyu.

Anti, ban gama rufe baki ba ya katse ni. Sannan ya ce in daina, kada in ƙara ko kalma ɗaya. Washegari ya je ya gaya wa manajansa cewa ya ji abin da bai kamata ya ji ba. Suka gode masa, suka cire shi daga aikin da ya yi wata tara yana yi. Bai yi mini faɗa ba, ya ma tambaye ni ko na je wurin likita kan gwiwata, wannan ya fi ci mini rai.

Ramlat ba ta san komai ba. Ranar Juma'a mai zuwa kamfanonin za su miƙa takardunsu na neman kwangilar. In na gaya mata, ina tsoron su kore ta, su ce ita ta saki baki. In na yi shiru, kullum ina zuba mata abinci ina jin kamar na sace mata wani abu. Kuma wa zan yi wa addu'ar nasara? In na ɗaga hannu na ambaci ɗaya, sai in ji kamar na yi wa ɗayan baki.

Uwar Injiniyoyi, Old Trafford

Uwar Injiniyoyi, sannu da ƙoƙari, rubutunki kuma tas na karanta shi.

Ki gaya wa Ramlat yau, kafin ki ɗora tukunya. Na san tsoronki, kuma ba zan ce miki babu abin da zai biyo baya ba. Mai yiwuwa a yi mata tambayoyi, a hana ta yin irin wannan taro a kicin, ita ma ta yi fushi da ke na 'yan kwanaki. Amma kamfanin yayanta ya riga ya san an yi wannan magana. In labarin ya iso wurin shugabanninta ta wata hanya bayan Juma'a, za a tambaye ta me ya sa ta ɓoye, kuma ba wanda zai yarda cewa ba ta sani ba. In ita ta kai da kanta yanzu, ta zama ma'aikaciya mai gaskiya wadda mahaifiyarta ke da kunne. Da laifinta a ciki ma, don sirrin kamfani ba a yin sa kusa da mai yankan kuɓewa.

Ki gane abin da ya sa yaran suke haka. Masu ƙera manyan jirage a duniya ba su da yawa, kuma in suka zaɓi mai yi musu kujera, sukan daɗe tare shekara da shekaru. Wanda ya rasa zai jira sabon jirgi na gaba. Shi ya sa lamba ɗaya kamar wadda kika ji take da nauyi haka. Shawararki ta rabawa kuwa, a gida adalci ce, amma a dokar ƙasar nan laifi ne masu takarar kwangila su haɗa baki. Rufe kwamfuta da zama a mota ba gaba ba ce, kowa yana kare ɗan'uwansa ne daga sanin abin da zai cutar da shi.

Usama ya yi abin da ya dace, kuma ya yi asara a kai. Ki kira shi ki ba shi haƙuri da bakinki, kada ki aika ta hannun matarsa ko ta kular dambu. Daga nan ki ci gaba da kai labari tsakaninsu, na lafiya da na gajiya, amma duk abin da ke da lamba ko ranar wata ki bar shi inda kika ji shi.

Addu'a kuma ba sai kin zaɓa ba. Ki roƙa wa kowannensu abin da ya fi alheri, da zuciyar da zai taya ɗan'uwansa murna. Ranar da sakamako ya fito, ki fara kiran wanda bai samu ba.

Allah ya huci zuciyar Ramlat, ya mayar wa Usama da abin da ya fi, ya bar miki su.

Anti Suwaiba