Baba da Rigar da Ruwa Ba Ya Ratsawa

Unguwar Mansur, Makka

Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya sanyin garin naku? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Rigar hawan duwatsun ƙanƙara da ka aiko wa Baba ta iso. Tun da na karanta masa cewa ruwa ba ya ratsa ta amma tana fitar da gumi, ya ce sai ya gani da idonsa. Wata huɗu kullum yana leƙen sama.

Ranar Talata bayan la'asar ruwa ya sauko. Baba ya saka rigar, ya ja zif har wuya ya fita yana taƙama. Maƙwabta duk suna titi, sun jiƙe sharkaf suna addu'a. Malam Idi mai shayi ya shafa hannun rigar ya ce, "Alhaji, rahama na sauka a Makka, kai kuma ka sa sulke?" Baba ya leƙa ƙirjinsa, ko ɗigo babu. Nan take ya tuɓe ta ya rataya wa Malam Idi, ya tsaya da singileti har ruwan ya ɗauke.

Yau kwanansa uku da mura. Ya ce in gaya maka rigar tana aiki ƙwarai, don Malam Idi ko atishawa bai yi ba.

Ku sa shi a addu'a. Umma na gaishe ku, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Hajara