Rigar Sarkin Dauɗa

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni mahaifinki, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Yaya kumburin ƙafar? Ki bi maganar likita ki kwanta, ban da hawa mota, ban da sa damuwa a rai.

Kin yi ta kira jiya ban ɗauka ba. Ba fushi nake ba. Yanzu in Mamanki ta ji ina magana da wanda ba ta gani, sai ta tashi ta hau leƙa bayan labule tana neman baƙon da ya shigo mata gida. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, in ba direban da ke zuwa wajenku.

Abin da maƙwabciyarmu ta gaya miki gaskiya ne, mun je asibiti. Santsi ne ya kwashe ta a banɗaki, goshinta ya bugi kan famfo. Tun da aka ɗora ta a kan maganin tsinka jini, ko ɗan ƙwarzane sai ya yi ta zuba, balle wannan. Ina tsakar gida ina kwance janareton maƙwabci na ji faɗuwarta. Yadda nake haka, cikin shuɗiyar rigar garejin nan tawa mai haɗe da wando, hannu duk baƙin mai, na sungume ta sai tasi.

Sashen gaggawa kuwa, Allah kada ya kai ki. Fitila har cikin ƙwaƙwalwa, na'urori na ta kuka, wannan na nishi, wancan na amai, gadaje masu taya na wucewa ta kan ƙafar mutum. Mai cikakken hankali ma ruɗewa yake, ina ga mai ciwon mantuwa. Mamanki ta damƙe aljihun rigata ta ƙi saki. Da nas ta zo rubuta suna, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in koma waje in jira danginta. Wai ni ne direban da ya kawo ta! Na ce ni ne mijinta, ta ba ni haƙuri, amma duk wanda ya zo bayanta sai ya sake tambayata ina masu ita. Haka muka wuni kafin a ɗinke goshin.

Kin sha gaya min cewa mutane tufa suke fara kallo, na ƙi ji. To yau na ji. Kwat da wandon da kika aiko min bara na ciro su daga leda, na goge, na rataye kusa da jakar asibitin da na haɗa mata. Rigar garejin kuma na kai wa Dogo, tsohon abokin aikina, na ce su riƙa goge hannu da ita. Ba za a ƙara mayar da ni direba a gaban matata ba.

Jikinta da sauƙi. Sunanki ya ɓace mata, kada ki ji haushi, nata ma wani lokacin sai ta yi dogon tunani. Ni dai har ranar da ta faɗi tana ganina take cewa Sarkin Dauɗa, sunan da ta laƙaba min tun ba a haife ki ba. Abin da ke ba ni wahala shi ne yamma. Da rana ta yi sanyi sai ta nufi ƙofa wai za ta ɗauko ki daga makaranta, sai na riƙe wuyan hannunta na janyo ta da lallashi. Kin san titin nan namu da manyan motoci.

Ki gaishe da maigidanki. Allah ya sauke ki lafiya.

Babanki.

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗaga waya. A kan bencin asibiti nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar hannun.

Tun da muka dawo Mamanki ta yi sanyi, ba ta ko tsokanata, na ɗauka ciwon goshin ne. Shekaranjiya da hantsi zazzaɓi ya rufe ta, jiki kamar garwashi, ba ta san inda kanta yake ba. Kafin maƙwabci ya fito da mota na watsa ruwa, na dirje hannuna da soso har ƙarƙashin farce, na aske ƙasumba, na sa kwat, har turare na fesa. Kuma wallahi ya yi aiki. Mai gadi har da buɗe min ƙofa, nas tana ce min ranka ya daɗe, nan da nan aka ba ta gado aka sa mata ƙarin ruwa. Likita ya ce ciwon mafitsara ne, kuma yakan ƙara rikita masu irin lalurarta. Ina ta jin daɗi a raina, ina cewa 'yata ta yi gaskiya.

Da zazzaɓin ya ɗan sauka ta buɗe ido, ta gan ni a kanta ina gyara mata ɗankwali. Ihun da ta yi, Uwata, har yanzu yana cikin kunnena. Ta ce ba ta san wannan mutumin ba, sato ta ya yi daga gidan mijinta, a taimaka a kira mata mijinta. Na kira sunanta, na ce ni ne, ta ƙara ƙanƙame ƙarfen gado. Ta yunƙura za ta diro, ni kuma hannu ya saba, na cafke wuyan hannunta. Nan nas ta janye hannun rigarta, sai ga shatin yatsuna a fatarta, sabo da tsoho, jini ya kwanta ya yi baƙi. Ga kuma ɗinki a goshi. Masu gadi biyu suka riƙe ni ta gwiwar hannu suka fitar da ni ana kallo, kamar ɓarawon waya.

Aka kai ni ofishin wata mata mai tabarau, jami'ar da ke kula da walwalar marasa lafiya. Muryarta a sanyaye, amma tambayoyinta masu zafi. Wa ke kwana da ita? Ta yaya ta faɗi? Ina kulle ta? Na taɓa ɗaga mata hannu? Kin san halina. Da ta zo kan ta ƙarshen na buga teburin har biro ya yi tsalle, na ce matar da nake wa wanka, nake wanke mata zani, ita zan daka? Ta dubi hannun nawa a kan teburin, ta rubuta wani abu. Na san na ƙara ɓata lamarin.

Na ce zan kawo takardar aurenmu. Ta ce ba ta musun ni ne mijin, abin da take son sani shi ne ko matar tana cikin aminci a hannuna. Har a gama bincike ba zan shiga wajenta ba. In kuma ba su gamsu ba, daga nan gidan kula da tsofaffi za a wuce da ita, ba gidanmu ba. Na so in tsani matar nan na kasa, don da matar wani ce na gani da wannan shati, abin da zan ce a yi ke nan.

Yanzu haka Mamanki ta ƙi ci, ta ƙi sha, ta fizge robar ƙarin ruwan har jini ya ɓata zanin gado. Likita ya fito ya same ni ya ce in ta ci gaba, dole su yi mata allurar barci su ɗaure hannuwan. Duk sanda aka turo ƙofar ɗakin nakan jiyo muryarta, ta dishe, tana kiran mijinta. Ni kuma ga ni zaune, taku kaɗan tsakaninmu. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da mota ta sauko min a ƙirji.

Kullum cikin kwat ɗin nake zuwa, a goge tsaf, don jami'ar ta ga mutumin kirki ne. Maƙwabciyarmu ta ce za ta zo ta ba da shaida. Ke kuma kada ki kuskura ki hau mota da wannan cikin, umarni ne ba shawara ba. Addu'a kawai nake so.

Babanki.

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Maigidanki ya kira ya ce kuka kike ta yi, kin ƙi cin abinci. Haba, ku biyu za ku haɗu min? Share hawayenki ki ji.

Jiya jami'ar ta aiko a kira ni. Maƙwabciyarmu ta riga ta yi mata bayani, likita ma ya tabbatar maganin tsinka jini na sa ko riƙo kaɗan ya bar tabo. Amma ta ce duk da haka ba za ta iya miƙa mace ga mutumin da take ihu in ta gan shi ba. Sai ta tambaye ni ko akwai wani ɗan uwa da ake kira Sarkin Dauɗa, don shi kaɗai Mamanki ke nema, ƙila in aka samo shi ta yarda ta ci abinci. Ta ce ta zauna da ita ta sa ta kwatanta shi. Wai farcensa baƙi ƙirin, yana warin mai, rigarsa shuɗiya, aljihun ƙirjin ya yage ita ta ɗinke masa da jan zare don babu shuɗi a gidan.

Na dubi hannuwana a kan cinyata, fes kamar na ma'aikacin banki. Sai a lokacin na gane. Na tuna tun ranar da na rabu da rigar nan ba ta ƙara kirana da sunan ba, ni kuma na ɗora wa ciwon goshi.

Ban ma yi wa matar sallama sosai ba na fita. A garejin Dogo na tarar da rigar ƙarƙashin benci, har sun yanke hannu ɗaya sun yi tsumma. Dogo na tambayata lafiya, ni ina tuɓe kwat a tsakiyar gareji. Na sa ta, na shige ƙarƙashin wata mota na juye mata mai da hannuna, gwiwoyi na ƙara, baya na zagina. Dogo ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Na ce ya kai ni asibiti a babur ɗinsa kawai.

Mai gadin da ke buɗe min ƙofa kullum shi ya tare ni, ya ce masu gyara ta baya suke shiga. Sai da jami'ar ta sauko da kanta. Ta daɗe tana kallon jan zaren nan. Babbar nas ta ce ba za a shigar mata da wannan ƙazanta ɗaki ba, kuma da gaskiyarta. Da ƙyar aka daidaita cewa zan tsaya ta ƙafar gado, ba zan taɓa robar ruwa ba. Jami'ar ta ce gwaji ɗaya ne. In Mamanki ta tsorata, zan fita da ƙafata, kuma za ta rubuta abin da ta gani. Na ce na yarda.

Na sami Mamanki ta juya wa mutane baya, leɓe duk ya tsage, an naɗe mata hannuwa da auduga. Ta rame, Uwata, cikin 'yan kwanakin nan. Na tsaya inda aka ce. Hancinta ne ya fara motsi. Ta juyo a hankali, ta dubi takalmina, ta dubi hannuna, ta hau har aljihun, ta tsaya nan. Ta buɗe baki, na rufe ido ina jiran ihu.

«Sarkin Dauɗa! Haka ka zo min cikin mutane? Ina ɗaya hannun rigar?»

Ta wanke ni tas a gaban kowa. Wai ina na shiga har wani mai kwat ya zo ya sace ta, wai ko ruwa ba ta sha ba don ba ta yarda da kowa a nan ba. Ta juya ga jami'ar ta ce ta yi haƙuri da warin, ta yi faɗan har ta gaji, amma nata ne. Ta miƙo hannun nan mai auduga tana laluben aljihuna. Babbar nas da kanta ta turo ni gaba, ta miƙo min kofin shayi. Ta shanye tana hararata. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na jiya ba, hawaye na zuba ina ta cewa na tuba.

Za a sallame ta ta dawo gidanmu da zarar maganin ya ƙare. Jami'ar ta kafa sharuɗɗa. In sa ƙararrawa a ƙofa, in daina riƙe mata hannu, in ta ce za ta makaranta in raka ta mu zaga mu dawo. Wata ma'aikaciya kuma za ta riƙa leƙo mu. Na amince da duka. Kada ki zargi kanki a kan kwat ɗin, alheri kika nufa, kuma ni na sa da hannuna.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, ke kaɗai zan gaya wa. Mutumin da ta yi wa ihu da wanda ta riƙe wa aljihu, fuska ɗaya ce, murya ɗaya. Fuskata ta riga ta tafi, Uwata, ban san yaushe ba. Rigar ce ta rage, kuma ita ma na san akwai ranarta. Kafin nan dai a jikina za ta zauna, gida da asibiti, su kira ni direba ko mai gyaran famfo, su bar ni a benci in wuni. In kin zo bayan kin sauka, kada tsabtarki ta motsa ki jiƙa min ita.

Kwat ɗin na karɓo daga wajen Dogo, na ninke na mayar cikin ledarsa. Zan sa shi ranar da ba ta buƙatar ta gane ni.

Ki ci abinci. Ki gaishe da maigidanki, ki ce na gode da kiran. Allah ya raba ku lafiya.

Naki,
Sarkin Dauɗa.