Alwala a Gindin Lalle

Daren Laraba, Hamdara, shekara ta biyu ta fari

Lalle goma Hadiza ta dasa ya zame mana shinge, yau biyu sun fara zubar da ganye. Da tana nan, kowace salla kowa yakan yi alwala a gindin ɗaya, kafin isha'i duk goman sun sha. Tun da ta kwashe yara zuwa Kano wurin babanta, alwalata kaɗai ta rage. Biyar su sha, biyar su jira gobe.

Da na taso daga makaranta, Inna Zule maƙwabciyata ta tarar da ni tsugune da buta. Ta ce, "Malam, rijiya ta koma laka, kai kuwa itace kake shayarwa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, ruwan alwala ne, da ma ƙasa zai bi."

Da magariba sai ga ta da butarta, ta yi alwalarta a gindin wanda ya fi yaushi, ta fita.

Na yi wa Hadiza alkawarin za ta dawo ta tarar da shingenta da rai. Ita dai ba ta ce yaushe ba.