Kazar Da Kika Ɗinke

Ya Marleny, hasken idona, iskar la'asar mai saukowa daga duwatsun Cali, mangwaron da na fi so a reshen da ya fi tsawo,

Ni ne fa na kunna kyandir a coci ranar da aka taƙaita awannin aikinku, ku masu koyon tiyata. Na gaji da kai miki abinci ƙofar asibiti kina gyangyaɗi kafin ki buɗe kwanon. Na ce shi ke nan, an dawo mini da abata. Ashe murna za ta koma ciki!

Kin tuna Lahadin nan? Na zaɓo kaza mafi ƙiba a rumfata don mu dafa sancocho, farfesun nan na kaza da rogo, a bakin kogin Pance. Na fita sayo rogo, na dawo na tarar kin tsaga cinyarta kin ɗinke, kin sake tsagawa kin ɗinke, hawaye na zuba a kan zaren. Na saki baki, rogon ya zube ƙasa.

Kika ce, "Efraín, jiya ana tsakiyar yi wa tsohuwar da nake jinya aiki lokacin tashina ya yi. Dakta Ocampo ya ce, 'Yarinya, cire safar hannu. Ba ni na kore ki ba, doka ce. Mu nan muka riƙa kwana har hannunmu ya faɗa.' Saura kaɗan a kira ni likitar tiyata, hannuna kuwa bai san hanya ba. In mamarka aka kawo mini fa?"

Sannan kika jefo mini dutsen: da kin gama koyon tiyata za ki tafi wani ƙaramin asibiti can yankin Chocó, ki shekara kusa da wata tsohuwar likita da aiki ya yi wa yawa. Bikinmu na Disamba ya jira.

Chocó, rabin raina? Inda ruwan sama ba ya hutawa? Dokar da na yi wa addu'a ta ba ni ke ranar Lahadi, ta ƙwace mini ke shekara guda? Wa ya taɓa jin an ba mutum hutu ya koma yana kuka a kan kaza? Na so na durƙusa na ce kada ki tafi, Allah shaida na so! Amma da kika ambaci mahaifiyata, na ga gaskiyarki.

Je ki, zinariyata. Je ki koya wa hannun nan hanya, ni zan riƙe ɗayan daga nan. Kafin ki tafi, duk kazar da ke rumfata taki ce, ki tsaga ki ɗinke son ranki.

Waccan kuwa, da kika koma asibiti na dafa ta ni kaɗai. Na yi ta jan zaren da haƙori, Marleny, ɗinkinki ya ƙi warwarewa. Nawa alkawarin ma haka yake.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Efraín